Tsere Biyu Kacal Aka Yi, An Riga An Binne Hamilton Sau Biyu

Zuwa ga Editan Sashen Wasanni,

Assalamu alaikum. Barkanmu da shan ruwa, Allah ya karɓi ibadunmu, ya nuna mana Sallah lafiya.

Malam Edita, ni bakanike ne a Kano, na fi shekara 20 ina kwanciya a ƙarƙashin motocin mutane, kuma idan lokacin shirinku na wasanni ya yi, duk yaran garejina sun san ba a taɓa mini rediyo. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne abin da na ji ranar Litinin. Mai gabatar da shiri ya gama labarin ƙwallo tsaf, sai ya jefo na Formula 1, wato babbar gasar tseren motoci ta duniya, cikin numfashi ɗaya: wai an soke sakamakon Lewis Hamilton a tseren ƙasar Sin, da alama tsufa ya fara kama shi. Daga nan ya wuce zuwa talla. Ban ji haushin gajartar labarin ba, na san mu masu bin tseren motoci ba mu da yawa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne an haɗa abu biyu da ba su da dangantaka. Shekarun mutum ba su da hannu a abin da ya faru a Shanghai, inda aka yi tseren na Sin, kuma zan yi bayani. Sai dai ba mai gabatarwarku kaɗai ke da wannan gaggawar ba. Mu magoya baya mun fi shi.

Bari na faro daga ranar 16 ga Maris, 2025. A shekarar a Melbourne ta Ostareliya aka buɗe kaka, saboda an ɗage tseren Baharen da na Saudiyya zuwa Afrilu don kada su faɗo cikin azumi. Ƙarfe uku na yamma a can, ƙarfe biyar na asuba ne a nan, wato daidai lokacin da muke kammala sahur. Ni da ƙanena muka jingina waya da kwanon koko muka zauna. Ba a ma fara ba, wani sabon yaro ɗan Faransa, Isack Hadjar, ya zame a kan jiƙaƙƙen titi a zagayen ɗumama taya, ya daki katanga. Ya fito yana tafe kansa a sunkuye, ko hular kwano bai cire ba. Wanda ya tare shi ya dafa kafaɗarsa yana ba shi baki shi ne Anthony, mahaifin Hamilton. Har yau wannan ne abin da ya fi zauna mini a duk tseren. Aka kira salla muka tafi masallaci, muka dawo muka tarar an riga an kwashe wasu motocin daga kan hanya. A cikin 20, 14 ne suka kai ƙarshe. Har Fernando Alonso da Carlos Sainz, tsofaffin hannu, ruwan nan bai ƙyale su ba.

Lando Norris na McLaren ne ya ci, Max Verstappen na Red Bull yana manne da bayansa da ƙasa da daƙiƙa ɗaya, George Russell na uku. Hamilton, a fitowarsa ta farko da jar motar Ferrari, ya ƙare na 10 da maki ɗaya tal. Kafin azahar majalisarmu ta yanke hukunci. Abokina mai faci, wanda ke bayan Verstappen kamar ɗan ɗakinsa, ya ce ai Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, Ferrari ta sayi tsohon doki da kuɗin sabo. Ƙanena, wanda tun da aka sanar da komawar Hamilton Ferrari a Fabrairun 2024 yake yi mana ihun Hamilton zai ci kambun duniya na takwas, ranar ko fitowa bai yi ba bayan tarawihi.

Babu wanda ya tsaya ya tambayi yadda aka yi ya koma na 10. Da ruwa ya sake saukowa gab da ƙarshen tsere, sauran motoci suka shiga aka sa musu taya mai zane, Ferrari kuwa ta bar direbobinta biyu a kan taya mai sulɓi, tana fatan ruwan zai ɗauke. Har Hamilton ya ɗan riƙe gaba na wani lokaci. Ruwa bai ɗauke ba. Da suka shiga canjin taya a makare, sun riga sun zubar da abin da suka tara. Charles Leclerc, wanda ya yi shekara shida yana tuƙa Ferrari kuma ba a taɓa ce masa tsoho ba, na takwas ya zo. Wannan lissafin mutanen da ke zaune gaban kwamfuta ne a bakin hanya, ba ƙafar direba ba.

Kwana shida bayan nan, ranar Asabar 22 ga wata, aka yi gajeren tsere a Shanghai, ƙarfe huɗu na dare agogonmu. Mun dawo daga tahajjud ba mu koma barci ba. Hamilton ya tashi daga gurbin farko, ya riƙe gaba har ƙarshe, bai bari kowa ya shaƙi hayaƙinsa da kyau ba. Sai ga ƙanena ya dawo majalisa da jar hula, yana tambayar ina masu cewa doki ya tsufa. Mai faci ya yi gum. Washegari Lahadi, a babban tsere, Oscar Piastri, abokin aikin Norris a McLaren, ya ci, Norris na biyu, Russell na uku. Leclerc ya zo na biyar, Hamilton na shida, sannan bayan sa'o'i kaɗan alƙalai suka soke su duka biyun. Aka sake haƙa kabarin da aka rufe jiya.

To ga inda sana'ata ta shigo. A ƙarƙashin kowace motar Formula 1 akwai wani dogon falanki da ake ɗaurawa a tsakiyar cikinta. Kaurinsa milimita 10 ne yana sabo, kuma dokar 2025 ta ce idan an gama tsere kada ya gaza 9. An kawo wannan doka ne a 1994, bayan mutuwar shahararren direba Ayrton Senna a tseren Imola ta Italiya, don a hana masu mota kwantar da ita ƙasa fiye da kima. Dalilin da ya sa suke son kwantar da ita kuwa, gwargwadon kusancinta da ƙasa, gwargwadon yadda iska ke danne ta a kan titi, ta sha kwana da gudu ba ta zame ba. Kowa yana wasa ne a bakin iyaka. Da aka auna na Hamilton, an samu wani wuri 8.5. Rabin milimita, Malam Edita. Ka dubi farcen babban yatsanka, kusan kaurinsa ke nan. Leclerc kuma, bayan an tsiyaye mai, motarsa ta gaza da kilo ɗaya a kan kilo 800 da dokar 2025 ta gindaya. Pierre Gasly na Alpine ma a kan nauyi aka soke shi a wannan rana. Ferrari da bakinta ta amsa cewa kuskuren lissafinta ne. Maki 18 suka tafi haka nan.

Ina tsufa a nan? Ni idan na saita wa mutum mota ta yi ƙasa, ya hau kwalta cikinta yana gogar hanya, ba direba zan tuhuma ba. Kuma ba yau aka fara ba: a 2023 a Austin ta Amurka an soke Hamilton, yana Mercedes lokacin, tare da wannan Leclerc ɗin, a kan falankin nan dai. Michael Schumacher ma ya taɓa rasa nasarar da ya ci a Beljiyam a 1994 saboda shi, yana ɗan shekara 25.

Ba ina cewa Hamilton ba shi da matsala ba. Yana da ita, amma irin wadda duk direba ya sani. Tun da ya shigo a 2007, daga McLaren har Mercedes, injin Mercedes kawai ya taɓa tuƙawa, kaka 18 cif. A 2025, yana da shekara 40, an ba shi wani inji, wani birki, sitiyari mai maɓallai a wuraren da yatsunsa ba su saba ba, da sabon injiniya a kunne wanda ba su gama fahimtar juna ba. Duk wanda ya saurari maganarsu ta rediyo a Melbourne ya ji yadda yake roƙon a rage yi masa bayani ya ji da hanya. Ka ɗauki direban da ya yi shekara 18 yana jan Golf tsakanin Kano da Kaduna, ka miƙa masa makullin wata mota ka ce ya yi gudun da ya saba cikin ruwan sama a rana ta farko. Zai kai, amma ƙafarsa za ta riƙa neman abin da ba ya nan.

Na san me ya sa abin ke yi wa mutanenmu zafi. Yawancin waɗanda na sani a nan ta dalilin Hamilton suka fara kallon wannan wasa, saboda shi ne baƙar fata na farko da ya shiga, ya kuma ci kambu bakwai, ya kamo Schumacher. Sannan akwai miki na Abu Dhabi a 2021, inda kambu na takwas ya kuɓuce masa a zagayen ƙarshe, hukumar FIA mai kula da wasan kuma daga baya ta amsa cewa an yi kuskure wajen tafiyar da tseren. Ni ma ina cikinsu, ba zan ɓoye ba. Amma so ba ya sa mota gudu. Rabon Ferrari da kambun direbobi tun 2007 da Kimi Räikkönen, na kamfanoni kuma tun 2008. Alonso ya je da kambu biyu, ya yi shekara biyar ya fito hannu rabbana. Sebastian Vettel ya je da huɗu, ya yi shekara shida, haka ya fito. Schumacher kansa da ya koma a 1996, sai a 2000 ya ɗaga kofi da jar riga. Wanda ya yi tsammanin Hamilton zai gyara cikin mako biyu abin da ya gagari waɗannan, shi ya yaudari kansa.

Masu murnar McLaren ma ina ba su shawara su sassauta. Akwai wani yaro da ke koyon aiki a wurina, tun Lahadin Melbourne ya zama ɗan Norris, har yana gyara wa manya magana. Na ce da shi ya tambayi masoya Ferrari labarin 2022. A shekarar Leclerc ya ci biyu daga tsere ukun farko, motar Verstappen ta mutu a hanya sau biyu, Leclerc ya ba shi tazarar maki 46. Kowa ya ce an gama. Da shekara ta ƙare Verstappen ya ci tsere 15 cikin 22. A 2024 kuma akasin haka aka gani: Red Bull ta fara kamar ba mai kamo ta, Verstappen ya ci bakwai a goman farko, amma McLaren ta yi ta gyara motarta har ta ɗauke kambun kamfanoni, na farko tun 1998. A wannan wasa motar da aka fara da ita a Maris ba ita ake ƙarewa da ita a Disamba ba, kusan kowane wata ana sauya mata wani abu. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma miyar 2025 tsere 24 ce.

Abin dariya, gaggawar ba ta tsaya kan 'yan kallo ba. A ƙarshen Maris 2025 Red Bull ta sauke Liam Lawson bayan tsere biyu kacal, ta ɗauko Yuki Tsunoda ya zauna kusa da Verstappen. Kujerar nan ta riga ta ci Gasly, ta ci Alex Albon, ta ci Sergio Pérez. Idan mutum huɗu suka hau mota suka kasa, ɗaya ne kawai ke iya sarrafa ta, ni a garejina bonet nake buɗewa kafin na sallami direba na biyar.

Idan ka tambaye ni nawa hasashen, tunda kowa na yi: motar McLaren ce ta fi a farkon kakar 2025, kuma rigimar da nake jira ita ce ta cikin gida tsakanin Norris da Piastri, don yaron nan ɗan Melbourne ba shi da alamar mai yarda ya zama ɗan rakiya. Verstappen ba a cire shi a lissafi ko a keke aka ɗora shi. Hamilton kuwa ban ga kambu na takwas a 2025 ba, ko da yake ƙanena ya daina yi mini magana tun da na faɗa. Idona yana kan 2026, lokacin da za a sauya dokokin inji da na jikin mota gaba ɗaya, kowa ya koma farawa daga tushe.

Roƙona gare ku ƙarami ne. Ba na ce ku rage wa masu ƙwallo lokacinsu ba, na san su ne kasuwa. Amma idan za ku taɓa labarin tseren nan, ku ba shi ko minti uku, a faɗi wanda ya ci, a faɗi dalili. Idan an soke direba, a ce ga abin da aka auna, ga abin da aka samu. Akwai direbobi da kanikawa da yawa da ke sauraronku a tashoshin mota da gareji, waɗanda za su fahimci zancen taya da birki da nauyin mota fiye da yadda kuke zato.

A lokacin da nake wannan rubutu, a Maris 2025, tsere na gaba a Suzuka ta Japan ne, ranar Lahadi 6 ga Afrilu, ƙarfe shida na safe agogon Najeriya. Tsunoda zai fara tuƙa Red Bull a gaban mutanen ƙasarsu. Ranar Litinin ɗin da ke biye zan kunna rediyo na ji yadda za ku kawo labarin.

Na gode.

Naku mai sauraro,
Wani bakanike daga Kano