Wasiƙa daga Aboabo: kuɗin rufi da matashin Inna

Aboabo, Kumasi

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kuna lafiya kamar yadda muke a nan, yaya ƙarfin jikin Inna? Yaya maigidan da yara? Mu dai sai godiyar Allah. Baban yara yana gaishe ku da kyau.

Yaya, rubutowa na yi maimakon in kira, don duk sanda na kira Inna tana gefenki tana saurare. Ki fara karantawa ke kaɗai, sannan ki zaɓi abin da ya kamata ta ji.

Ranar Litinin na kai wa Alhajin canji kuɗi, zai turo naira 180,000 cikin asusunki. Naki, ba na kowa ba. Naira 120,000 ta kwanon rufin ɗakin Inna ce da ladan kafinta. Mu nan ruwa ya riga ya sauka tun watan jiya, ku ma ya kusa, ba na so a sake jera mata bokitai a tsakar ɗaki kamar bara. Naira 40,000 maganinta da ɗan abin marmari, sauran 20,000 kuma ki riƙe wa Auta, zan faɗa miki dalili. Don Allah kada ko sisin kwabo ya bi ta hannun ƙanin namu. Kin san inda na watan azumi ya shiga. Ya ce gyaran babur, har yau babur yana jingine a zaure, shi kuma yana bakin titi da waya a hannu yana cacar ƙwallo.

Sai maganar da ta hana ni barci. Na ji abin da matar Kawu ta zo ta faɗa wa Inna, wai wani ɗan garinmu da ya zo sarin goro ya gan ni a kasuwar Kejetiya da uban kaya a ka, wai na zama 'yar dako, wai Baban yara ya kasa riƙe ni. Har aka ce Inna ta yi kwana biyu ba ta ci abin kirki ba. Wallahi da na ji sai da na yi kuka. Ganina kam ya gan ni. Amma da ya tsaya mun gaisa, kamar yadda ɗan gari ke yi wa 'yar garinsu a baƙon wuri, da ya ɗaga kayan nan da hannu ɗaya. Faiba ce, audugar roba da ake cusa wa matashi, buhu biyu. Ga girma kamar rumbu, nauyi kuwa bai kai tulun ruwa ba. Kayana ne, da kuɗina na saya, gida zan kai in yi sana'ata.

Kuma ko dakon ne ai ba sata ba ce. 'Yan matan da ke yi, kayayo ake ce musu, yawancinsu daga arewacin Gana suke zuwa, wajen Tamale da Walewale, wata da goyo a baya da ƙaton baho a ka, rana ta ƙare a kansu. Ban isa in raina su ba. Amma ki faɗa wa Inna ba shi nake yi ba, hankalinta ya kwanta. Matar Kawu kuma ki bar ta, kada ki tanka mata.

Saƙa nake yi, Yaya. Saƙar kwarashin nan da Goggo ta koya mana a ƙarƙashin dalbejiya, wadda kika ce hannunki ya ƙi. Shekara ɗaya da rabi ke nan. Na shiga wani shago a Adum neman ulu in yi wa jaririn maƙwabciyata hula, sai na ga wani zare mai kauri, na taɓa shi na kasa saki. Laushinsa kamar karan-miski, kamar gashin ɗan mage. Shenil suke ce masa, na roba ne, daga Turkiyya ake kawo wani, wani daga Sin. Na sayi dunƙule uku na saƙa wa 'yar ƙaramar matashin da za ta riƙa runguma. Magajiyar unguwarmu ta shigo ta gani, ta ce a yi mata huɗu na kujerun 'yarta da za ta yi aure. Ranar da aka yi jere mata suka riƙa tambayar wa ya yi. Daga nan ne. Yanzu har wata Ba'ashantiya daga Bantama take aiko min, takan ce a haɗa mata rawaya da baƙi da kore, launin tutarsu. Matan Zango su sun fi son ruwan toka da ruwan madara, amare kuma ruwan hoda. In na cire kuɗin zare da faiba da zif, ribar matashi uku ita ke biya min susu na mako, wato adashinsu na nan. Kuɗin nan da na turo kwasata ce. Ban karɓi ko sidi ɗaya a hannun Baban yara ba, ban ci bashin kowa ba. Ki faɗa wa Inna haka da bakinki.

Na ba direban Alhajin goro ƙunshi, cikin jaka mai ruwan bula da na ɗinke bakinta. Ta Aflawo da Lome da Kwatano za su bi su shiga Legas, don haka ki ba shi kwanaki. A ciki akwai matashi biyu na Inna. Mai ruwan toka na cusa shi da tauri, shi za ta riƙa sa wa a ƙugu in ta jingina da bango bayan sallar asuba tana lazimi. Ɗayan mai taushi ne, na ƙarƙashin gwiwa. Kada a ajiye su a saman kabad ana jiran baƙi, kin san halinta. Kada kuma a ba wani aro ranar suna. Akwai zare dunƙule shida da kwarashi biyu, su na Auta ne.

Na ji ta fara zuwa shagon wani tana tsare masa kaya har magariba. Ban so ba. Yarinya da saura 'yan watanni bikinta, gara ta zauna a gaban Inna da sana'a a hannu, ta tafi gidan miji da abin da ba mai ƙwace mata. Ki zaunar da ita ki karanta mata wannan, don zaren nan ba ulun da ta sani ba ne.

Shi ba murɗa shi aka yi ba. Siririn zare ne a tsakiya ya riƙe gashin, shi ya sa duk inda aka yanke sai ya yi ta zuba. In ta yanke, ta tsige gashin bakin kamar tsawon gaɓar yatsa ta ƙulla siraran tsakiyar, ko ta ɗan nuna wa bakin wutar ashana ya narke ya liƙe. Nunawa kawai, roba ce, kuma ba kusa da buhun faiba ba. Sannan ba ya son warwara. Ulu kin warware sau goma bai damu ba, shi kuwa sau biyu ya isa ya yi sanƙo, wurin kuma ba ya komawa. Ni dunƙule guda na yi asara kafin in gane. Ta fara gwada hannunta da ragowar ulun gida tukuna.

Ta yi amfani da kwarashi mai lamba 5, ta kuma riƙe zaren da ɗan ƙarfi. In saƙar ta yi sako-sako, bayan kwana biyu za ta ga zare yana ɓullowa lanƙwashe-lanƙwashe kamar tsutsa, faiba kuma tana leƙowa ta ramuka. Kada kuma ta ja shi da ƙarfin tsiya, tsinkewa yake. Gajeriyar saƙa za ta yi tun daga farko har ƙarshe: ta soka, ta jawo zare, ta naɗo, ta fitar ta cikin biyun. Ba a wahalar da kai da ado a wannan zaren, gashin yana shanye duk wani zane. Abin da zai fi ba ta wuya shi ne ba a ganin idon saƙar. Da yatsa ake lalubo shi. Babban yatsa a gaba, manuni a baya, za ta ji ɗan ramin da kwarashi zai shiga. Ta maƙala fil a idon farko da na ƙarshe na kowane layi, ta kuma ƙirga kafin ta juya, in ba haka ba sai ta tashi da matashi mai faɗin gindi da tsukakken kai. Ni a hannuna ido 38 ne ke ba ni santimita 40, amma kowa da hannunsa, ta ari tef ɗin awo wajen tela ta auna. Ta fara da mai haske, baƙi sai hannu ya faɗa.

Fuska biyu za ta saƙa, kowace santimita 40 tsawo da faɗi. Cikin kuma ta ɗinka shi daban da yadin zanin gado, ya kai 45, ta cusa faiba har kusurwoyi. Rigar ta fi cikin ƙanƙanta, shi ne sirrin da zai sa ya tashi ɓul-ɓul, don zaren yana saki in an daɗe ana jingina. Haɗa fuskokin da ulu na gama-gari mai launi ɗaya za ta yi, da allura mai babbar kafa, don shenil ba ya jure shiga da fita a allura. Gefe ɗaya ta kai wa tela ya sa zif. Nawa kowane dunƙule giram 100 ne, mita 120, uku suna yin matashi ɗaya har a samu ragowa. In kun je nema a kasuwar Sabon Gari, ku sayi na aiki ɗaya a lokaci ɗaya, ku duba lambar rini a jikin takardar ta zo daidai, don launi ɗaya yakan bambanta daga rini zuwa rini. Wanki da ruwan sanyi, a matse a hankali ba murɗawa, a shimfiɗa a inuwa. Dutsen guga ko kusa. Ku can za ku iya sa audugar rimi in faiba ta yi tsada. Ni nan ban yarda da ita ba, laimar garin nan ta yi yawa, sai ta yi wari.

Yaya, duk sanda na ɗauki kwarashi sai Goggo ta faɗo min a rai. Ita ta kama yatsuna ta nuna min sarƙar farko, ga shi yau da ita nake rufa wa kaina asiri, amma ko zanin da za ta ɗaura ban taɓa saya mata da kuɗin saƙa ba. Ta yi jinya ban zo ba, aka kai ta ban zo ba. Allah Ya jiƙanta, Ya sa Aljanna ce makomarta. Shekara huɗu rabona da gida. Da nake saƙa na Inna sai na ga ban ma san yadda bayanta ya koma ba, da tsohon kamanninta na auna. Ki cire naira 5,000 cikin na marmari ki sayi ƙosai a raba wa almajirai ranar Juma'a da sunan Goggo.

Nan ba laifi. Aikin Baban yara a Suwame Magazin, unguwar makanikai, ya ɗan ja baya, amma ana samun na cefane. Maigidan haya ya fara maganar kuɗin gaba, kin san a nan shekara guda ko biyu suke karɓa a dunƙule, Allah zai kawo. In an ɗauke wuta da fitilar caji nake aiki, tunda dai da yatsa ake gani. Wuyan hannuna yakan ɗan yi tsami da dare, ina shafa man kaɗanya, kada ki faɗa wa Inna. Yara suna makaranta da Islamiyya. Hausar 'yar ƙaramar ta koma ta nan gaba ɗaya, ba ta raba mace da namiji, jiya ta ce min "Inna ya kira?" Na gyara mata, raina kuma ya sosu.

Ki kuma kwantar wa Inna hankali kan abin da take ji a rediyo. Gobarar kasuwar Kantamanto ta farkon 2025 da har yanzu take tambayata, a Akara aka yi, tsakaninmu kusan kilomita 250 ne. Na san abin da ke ranta tun korar baƙi ta 1969, zamanin Firaminista Busiya, da Kaka ya dawo da tabarma da buta bayan shekarun da ya yi yana fataucin goro a ƙasar nan. Yanzu ba mai korar mu. Muna tsakiyar 'yan'uwa, kiran salla ta ko'ina, da safe koko da ƙosai kamar a gida.

Ina sake jaddada miki, kuɗin rufi na rufi ne. Ki je da maigidanki ku sayi kwanon da kanku, kafinta kuma rabi za a ba shi, rabi sai ya gama. In ƙanin namu ya zo da zaƙin bakinsa, ki ce ya kira ni. Ba ƙinsa nake ba, ni na goya shi. In ya tayar da babur ɗin ya yi wata guda yana fita aiki, ni da kaina zan aiko masa da na taya. Na Auta kuma kada ki ba ta a hannu, ki riƙa saya mata zare da faiba da kaɗan-kaɗan, sai kin ga na farko ya kammala.

In jakar ta iso ki duba ɗinkin bakinta, da jan zare na yi. Ki ɗauki Inna hoto tana jingine da mai ruwan tokar ki turo min ta WhatsApp, in ya yi mata tauri a buɗe zif ɗin a rage faibar. Ki gaishe da Kawu da matarsa, da mutanen gidan liman, da duk wanda ya tambaye ni. Ki ce Inna ta ci gaba da sa mana albarka.

Wassalam,
Ƙanwarki