Wasiƙa zuwa ga ɗana game da masaukin dutse na kakansa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyalinka, saƙon da ka aiko ta hannun ƙanenka ya iso, kuma na fahimci shawararka ta a rushe tsohon masaukin da ke bakin hanya a zuba shagunan bulo, ko kuwa idan hakan bai yiwu ba, a shafe shi da siminti ciki da waje a buga masa kwano. Na san alheri kake nufi, amma ban amince da ko ɗaya ba.

Kakanka fatoma ne, sana'arsa ke nan tun yana saurayi. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 cinikin gyaɗa ya kankama, har ta kai manoman wannan yanki namu na Birnin Kudu, wanda a lokacin yake ƙarƙashin masarautar Kano, suna ɗora wa jakuna buhuna su nufi wurin awo, ga kuma masu koro shanu zuwa kasuwar Wudil. Duk wanda dare ya riska a nan sai ya nemi inda zai sauke kaya, ya ɗaure dabba, ya kwana da kuɗinsa cikin aminci. Da farko rumfunan zana kakanka ya yi wa baƙi, to amma fatake ba sa sakin jiki da wurin da wuta ko wuƙar ɓarawo za ta iya ratsawa, shi ya sa ya koma ga dutsen da Allah ya wadata ƙasarmu da shi. Wuta ake hurawa a kan fa har ya tsage, a farfasa, a kwaso a ka, magina su jera da laka. Har gobe idan ka shiga zauren za ka ga ramin da ke jikin bangon gabas inda yake ajiye amanar baƙi, da turakun dabbobi a bayan gida. Gidan ya fara mutuwa ne da manyan motoci suka yawaita aka daina kwana a hanya, sannan farin 1973 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 suka ƙarasa cinikin.

Batun siminti shi ya fi damuna, domin a ido gyara ne. Duwatsun nan da laka aka haɗa su, kuma laimar da ke tasowa daga ƙasa da damina ta tsakaninsu take fita ta bushe da rani. Idan ka rufe su da siminti, laimar ba ta da mafita. Simintin zai tsage saboda ba ya motsi tare da bangon, ruwan sama ya bi tsagar ya shige baya, lakar ta jiƙe ba wanda ya gani, sai wata rana a wayi gari bango ya yi ciki ya zube gaba ɗaya. Abin da ginin yake bukata bai kai haka tsada ba. A ƙwaƙule lakar da ta zaizaye a cike da sabuwa wadda aka kwaɓa da ciyawa ta kwana, a sauya azarar da ta karye da ta giginya wadda gara ba ta ci, a gyara indararo ya riƙa jefa ruwa nesa da gindin bango, sannan a yaɓe rufin da makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, ko laso, yaɓen gargajiya mai hana ruwa shiga, idan an samo katsi, wato guggubin da ke kwantawa a ramin rini, daga marina. Ƙanƙantar ɗakunan da kake kuka da ita ma ba rashin dabara ba ce, azara ce ba ta ɗaukar nauyin ƙasa idan faɗin ɗaki ya wuce kima.

Kada kuma ka manta gidan gado ne da ba a raba ba, baffanninka da gwaggwanninka duk suna da haƙƙi, kuma ka san yadda ginin shago kan raba zumunci. Ra'ayina shi ne mu zauna gaban dagaci da liman a rubuta yarjejeniya cewa ba za a sayar ba kuma ba za a rushe ba, a riƙa saukar da 'yan kasuwa ranar kasuwa, abin da aka samu ya tafi ga gyara.

Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ita ke riƙe da tsohon zanen shanun da ke jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa a nan Birnin Kudu, da kuma Gidan Makama a Kano, kuma ba laifi ka rubuta mata, tunda kai ne mai boko a cikinmu. Sai dai ba na so mu zauna jira, gidan talaka mai shi ke tallafarsa.

Kuɗin da ka tanada don bulo, ka turo rabinsa a sayi azara tun da sauran rani, domin tsohon maginin da ya san aikin dutse ƙarfinsa ya fara ja baya, ina so ya yi aikin da yara biyu a gefensa suna koyo. Idan ka zo hutun Sallah ka ɗauki hoton kowane bango da wayarka kafin a taɓa shi, ka kuma zauna da babbar gwaggonka ka naɗi abin da ta tuna, don ita ce ta riƙa kai wa baƙin fura tana yarinya.

Mahaifiyarka tana gaishe ka, kuma ta ce a gaida yara. Allah Ya yi maka albarka.

Mahaifinka.