Wasiƙa Zuwa ga Likitanmu na Alƙahira

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ina neman afuwa a kan shirun da na yi maka tun bayan Babbar Salla. Na ga saƙonka inda kake tambaya, cikin irin tsokanarka, wai wane aiki mai digirin Kimiyyar Siyasa yake yi in ban da riƙe wa ɗan takara jaka. Zan ba ka amsa, amma bari in fara da abin da ya sa na ɗauki biro yau.

Malamin da ke duba aikina na kammala digiri ya amince da maudu'in da na kai masa, bayan ya mayar da ni har sau biyu. Zan yi rubutu a kan tsige Gwamna Balarabe Musa da Majalisar Dokokin tsohuwar Jihar Kaduna ta yi a watan Yunin 1981, wanda shi ne karo na farko da aka tsige gwamna a Nijeriya. Ka san yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya cinye mana wata takwas cur, saboda haka da na ga sa hannunsa a kan takardar sai na ji kamar an sauke mini dutse daga ka.

A aji ɗaya da aji biyu, gaskiya, karatun bai shige ni ba. Ana ta karanta mana Aflatun da Aristotal da ra'ayoyin Turawa a kan asalin hukuma, ni kuwa ina haddacewa don jarrabawa kawai, kamar yadda kake haddace sunayen ƙasusuwa (Allah ya sa dai kai kana gane naka). Sai a aji uku, da muka shiga darasin gwamnati da siyasar Nijeriya, na fara jin ana maganar gidanmu. Rabon iko tsakanin ɓangaren zartarwa da na dokoki, wanda na ɗauka zancen littafi ne, ashe shi ne ya faru a Kaduna ƙarara. A zaɓen 1979 jam'iyyar PRP ta Balarabe ta ci kujerar gwamna, amma jam'iyyar NPN ce ke da rinjaye a majalisa, kuma tsarin mulkin shekarar ya ce dole majalisa ta amince da kwamishinoni kafin a naɗa su. Duk sunayen da gwamnan ya aika sai a yi watsi da su, har ya yi kusan shekara biyu yana mulki ba shi da kwamishina ko ɗaya. Daga bisani 'yan majalisar suka bi sashe na 170 na tsarin mulkin suka cire shi, mataimakinsa Abba Musa Rimi ya hau, kotu kuma ta ce sashen ya hana ta tsoma baki. Tambayar da nake son bi ita ce ko majalisar ta yi aikin sa ido ne da doka ta ɗora mata, ko kuwa ta yi amfani da doka ta rama kayen da NPN ta sha a akwati.

Abin da bai taɓa zuwa mini a rai ba shi ne madogarata ta farko tana zaune a zaurenmu. Da na ambaci maudu'in a gida, Kawu na Funtuwa ya ajiye kofin shayinsa ya ce shi ɗan Santsi ne, ya bi Gwamnan Kano Abubakar Rimi da Balarabe lokacin da PRP ta rabe, 'yan Taɓo suka tsaya tare da Malam Aminu Kano. Ya tuna mini cewa a zamanin Funtuwa tana cikin Jihar Kaduna, tun da sai 1987 aka fitar da Katsina, kuma ya ce soke haraji da jangali da gwamnatocin PRP suka yi shi ne ya saye zuciyar talaka. Baba kuwa, wanda kai ma ka san ba ya ɗaga murya, ya ce shi gida da masara, wato alamar NPN, ya dangwala wa, kuma har gobe yana ganin taurin kai ne ya kayar da gwamnan. Suka yi ta musu har aka kira la'asar, Hajiya tana leƙowa tana cewa in kwashe karatuna in mayar makaranta.

Damuwata yanzu ita ce malamina ya ce hira da Kawu ba ta zama hujja sai na gwada ta da abin da aka rubuta a lokacin, kuma sai na ji ta bakin ɓangaren majalisa. Ya yi gaskiya, ko da yake na ji zafi, domin Kawu yakan ba da labari ɗaya iri biyu tsakanin safe da yamma, kuma a kowanne shi ne jarumin. Don haka mako mai zuwa zan tafi Gidan Arewa, cibiyar adana tarihi a Kaduna, in duba tsofaffin jaridun New Nigerian da Gaskiya Ta Fi Kwabo, daga nan in wuce Gidan Mambayya, tsohon gidan Malam Aminu Kano da aka mayar cibiyar bincike, a Gwammaja cikin Kano. Kuɗin motar ma Baba ne ya bayar, da sharaɗin kada in mayar da NPN Fir'auna a cikin rubutun.

Ka tuna Sarkin Surutu na ajinmu, wanda ya rantse siyasa ƙazanta ce? To, ya fito takarar shugabancin ƙungiyar ɗaliban sashenmu, ya raba taliya da ruwan leda a ɗakunan kwana, ya sha kaye, yanzu yana cewa an yi masa maguɗi, kuma yana so in rubuta masa takardar ƙorafi.

Akwai alfarmar da nake nema. Na tuna ka taɓa cewa kakanka ya yi aiki a majalisar Kaduna a wancan zamani. Idan lafiyarsa ta ba da dama, ka yi masa magana ko zai yarda in je gaishe shi in yi masa 'yan tambayoyi, ko da na rabin sa'a ne, kafin ƙarshen wata, domin babi na biyu ake jira a hannuna.

Hajiya tana gaishe ka, ta ce ka rage shan shayin Misirawa. Ka gaida mutanen ɗakinku.

Wassalam,
Naka, Mai Girma Ɗan Majalisar Zaure