Wasiƙa zuwa ga ɗana kafin tafiyarsa Samarƙand

Assalamu alaikum ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Na ji ka tsayar da ranar zuwa Samarƙand, a ƙasar Uzbekistan. Madalla. Tikitin jirgin ƙasan Afrosiyob za ka fara saya tun da wuri, don yakan ƙare. Daga Tashkent, babban birnin ƙasar, tafiyar awa biyu ce da ɗan kai.

Tsofaffin makarantun Islamiyya uku ne a dandalin Registan da ke tsakiyar Samarƙand, kuma rana ce za ta tsara maka zagayen. Ta Ulug Beg, jikan Sarki Timur da ya mulki yankin, wadda aka gina daga 1417 zuwa 1420, gabas take kallo, saboda haka da hantsi ake ganin adonta sosai. Sher-Dor, ta 1619 zuwa 1636, tana fuskantar yamma, sai ka bar ta sai bayan la'asar. Wanda ya juya tsarin nan inuwa zai yi ta ɗauka a hoto. Zafin tsakar rana kuma ka shige Tilla-Kori, wadda aka kammala a 1660, ka zauna a masallacinta mai ruwan zinari.

Idan ka tsaya gaban ƙofar Ulug Beg, kada ka yi saurin shigewa. Matso kusa da bango ka duba, domin aikin iri-iri ne. Akwai inda aka jera tubali mai sheƙi cikin tubali zalla har ya fitar da sunan Allah da na Annabi da rubutun Kufi mai kusurwa. Akwai inda aka gasa tayil kowane launi daban, aka yanka shi ƙanana, aka harhaɗa. Za ka ga layin haɗi tsakanin shuɗi da fari. Wannan shi ne mafi wahala, launinsa kuma ya fi zurfi. Na uku, an zana launuka da yawa a kan tayil guda mai kusurwa huɗu sannan aka gasa, ya fi sauri da araha. A ganina, wanda ya iya bambance ukun nan ya fi mai hoto ɗari amfana da ziyarar.

Ka kuma sani ba duk abin da ke sheƙi ne tsoho ba. Girgizar ƙasa ta yi wa gine-ginen ɓarna, damshi kuma yana hawowa daga ƙasa da gishiri ya ci tubali, kamar yadda kanwa ke cin gindin katangar ƙasa a gida. Hasumiya ɗaya ta Ulug Beg ta karkace har sai da injiniyoyi suka miƙar da ita a 1932, ƙubbar Tilla-Kori ta waje ma aikin ƙarni na 20 ce.

Ɗakunan ɗalibai da ke zagaye da tsakar gida sun koma shagunan tsaraba, ƙofofinsu gajeru ne, ka sunkuya. In kana son makarantar da har yau ake karatu a cikinta, sai Mir Arab a birnin Bukhara. Baƙo iyakarsa zaure, ya leƙa ta tagar raga, kada ka matsa wa mai gadi.

Kabarin Imamu Bukhari yana ƙauyen Hartang, kusa da Samarƙand, mota za ka ɗauka. Ka daidaita kuɗin zuwa da dawowa kafin ka shiga. Takardar rajistar da otal zai ba ka kuma ka adana ta cikin fasfo.

Mahaifiyarka tana gaishe ka. Allah ya kai ka lafiya, ya yi maka albarka.

Mahaifinka