Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Hajiya Mai Gidan Marayu

Hajiya, assalamu alaikum.

A taron masu kula da marayu kin tambaye mu a bainar jama'a: yaran da ake yi wa magani a gidan marayu, da waɗanda aka ba iyalai riƙo, ta yaya za a san kulawar tana yi musu amfani? Ga amsarmu, mu ma'aikatan lafiyar yara da walwalar jama'a.

Komai ya dogara ga awon farko. A makon da yaro ya iso a rubuta nauyinsa da tsayinsa, a duba katin rigakafinsa. Ɗan wata 6 zuwa shekara 5 a auna kaurin damtsensa. In bai kai santimita 11.5 ba, tamowa ce mai tsanani, asibiti za a kai shi a ranar. Mai farfaɗiya a riƙa ƙirga faɗuwarsa a wata, mai sikila sau nawa ciwon ya tashi, mai fitsarin kwance dare nawa a mako. "Ya ji sauƙi" ba ya shiga fayil sai da adadi a gefensa.

Halayya da damuwa sun fi wuyar aunawa. Akwai takardar auna halayya da damuwar yaro, ana ce mata SDQ, da likitan ƙwaƙwalwar yara Robert Goodman ya fitar a 1997, mai tambayoyi 25, makin matsalolinta daga 0 zuwa 40. In mai reno ta cike aka samu 17 ko fiye, yaron na bukatar ganin ƙwararre. A Ingila ana cike ta duk shekara ga yara 'yan shekara 4 zuwa 16 da suka shekara a hannun hukuma. Kada a cike ta a makon farko, domin baƙon yaro yakan yi lamo saboda tsoro, makin ya fito ƙasa, daga baya in ya sake jiki a ɗauka lalacewa ya yi. A bari mai reno ta yi wata guda da shi, malamin ajinsa ma ya cike tasa daban, a maimaita duk wata shida. In za a karanta ta da Hausa, a tsaya kan rubutacciyar fassara ɗaya. Duba zaman yaron gaba ɗaya kuwa, ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2009 kan kula da yaran da ba sa hannun iyayensu sun so a yi shi aƙalla duk wata uku.

Inda lissafi ya fi ɓaci shi ne wajen yaran da suka bar gida. Wanda ya gudu, da wanda aka mayar wani gidan don ya gagara, sukan ɓace daga rahoto, sai alƙaluma su yi kyau alhali waɗanda suka fi shan wahala ne aka zubar. Kowane yaro ya zauna a lissafi, da dalilin fitarsa. Sauya mai reno ma yana motsa maki, don haka a rubuta wa ya cike kowace takarda.

Wanda aka ba riƙo a ziyarce shi bayan wata 1, 3, 6 da 12, a gana da shi ba a gaban mariƙiya ba, a je makarantarsa a duba rajista, don a san ko aji yake zuwa ko talla. Fayil ɗinsa ya bi shi duk inda ya koma, da lamba a bangonsa maimakon suna, a ajiye shi a kulle.

Wassalam.