Zuwa ga Charlie Baker, shugaban NCAA, ƙungiyar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka: nasu nasu ne, na mata kuwa na kowa

Ranka ya daɗe,

Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka na Indiyanafolis. Na san aiki ya yi maka yawa, don haka bari in shiga abin da ya kawo ni.

Ni uwa ce, 'yar Najeriya, na daɗe da zama a nan Amurka, kuma 'yata tana buga ƙwallon kwando a wata jami'a ta rukuni na ɗaya, wato matakin ƙoli na gasanninku. Ba zan ambaci makarantar ba, yarinya tana da sauran karatu a can. Kocin da ta ɗauko ta mace ce. Ranar da ta zo gidanmu neman yardarmu, da ta ga takalma jere a bakin ƙofa sai ta tuɓe nata ba tare da an ce mata komai ba. Ta zauna, ta sha kunun gyaɗa, ta tambaye ni yadda za a tsara atisaye idan azumi ya faɗo a tsakiyar kakar wasa. Ni dai ban tayar da zancen ba, ita ta tayar. Wannan tambayar ce ta sa na ba ta amanar 'yata.

Kaka biyu suka tafi ba daɗi, rauni ya kwantar da 'yan wasa uku, aka sallami kocin. Yaran a waya suka fara ganin labarin, kafin ma a kira su taro. Ban ce ba a korar koci ba. Ana kora, haka sana'ar take. Abin da ya tsaya mini a maƙogwaro shi ne abin da ya biyo baya. Akwai mataimakiya a ƙungiyar, ta haura shekara goma tana wannan aiki, ita ke yawon neman 'yan wasa, ita ke kwana kan bidiyon abokan karawa. Ko kiran ganawa ba a yi mata ba. Mako biyu ba su cika ba aka tara 'yan jarida, aka ɗora wa wani bawan Allah hular makaranta, aka ce ga sabon koci. Mataimaki ne daga ɓangaren maza, bai taɓa horar da mata ba ko na yini ɗaya. Daraktan wasanni ya ce an bincika ƙasar nan kaf kafin a same shi. A mako biyu!

Ina tambayarka, ranka ya daɗe: a wace jami'a ce za a ɗauko mataimakiya daga ɓangaren mata, wadda ba ta taɓa horar da maza ba, a damƙa mata ƙungiyar maza? Kai ma ka san amsar. Ƙungiyoyin maza na rukuni na ɗaya sun haura 350, kuma tun da aka kafa NCAA ba a taɓa ɗaukar mace a matsayin babbar kocin ko ɗaya daga cikinsu ba. Abin da ake ta nuna mana shi ne Teresa Phillips, wadda ta zauna kan kujerar kocin maza na Tennessee State wasa ɗaya tak a 2003, ita ma don ita ce daraktar wasanni kuma kocin yana kan dakatarwa. Sai Bernadette Mattox da koci Rick Pitino ya ɗauka mataimakiya a ƙungiyar maza ta Kentucky a 1990. Shekara da shekaru ana ta wanke waɗannan misalai biyu ana shanyawa. A ɓangaren mata kuwa, wajen kashi ɗaya cikin uku na manyan kujerun maza ne ke zaune a kai. Namiji mai neman aikin koci kasuwa biyu gare shi, mace tana da ɗaya, ita ma ɗayar ana raba ta da ita.

Da can ba haka abin yake ba, kuma ƙungiyarka ta fi kowa sani. A 1972, shekarar da aka sa hannu kan dokar Title IX, wadda ta hana nuna bambancin jinsi a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnati, fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙungiyoyin wasannin mata a jami'o'i mata ne ke horar da su. Yau ko rabi ba su kai ba. Me ya canza? Kuɗi ne ya shigo. Lokacin da Pat Summitt ta karɓi Tennessee a 1974 tana 'yar shekara 22, dala 250 ake biyanta a wata, ita ke tuƙa motar ƙungiya, ita ke wanke rigunan wasa. A wancan zamanin ba mu ji wani namiji ya yi rububin aikin ba. Sai da aka fara albashi mai tsoka, aka fara nuna wasa a talabijin, sannan aka gano cewa ashe maza ma suna da sha'awa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Kada kuma a manta NCAA ta kai gwamnati kotu a 1976 don ta kuɓuta daga ƙa'idojin dokar, da abin ya ƙi sai ta juyo ta fara tata gasar mata a 1982, ƙungiyar AIAW mai shirya gasannin mata, wadda mata suka gina da hannunsu, ta mutu murus. Kun gaji gidan, kun gaji bashin da ke kansa.

Ni ba gaba nake da maza masu horar da mata ba. Geno Auriemma yana horar da matan jami'ar Connecticut tun 1985, kofi 12 ya ɗauka, ba mai hankalin da zai ce bai cancanta ba. Kenny Brooks ya kai Virginia Tech zagayen kusa da na ƙarshe a 2023 kafin Kentucky ta ɗauke shi a 2024, aikinsa ne ya kai shi. Amma ka dubi wadda ya gada. Kyra Elzy ta ci kofin gasar SEC, ta jami'o'in kudu maso gabas, a 2022, ta doke South Carolina a wasan ƙarshe, shekara biyu bayan nan aka nuna mata ƙofa. Kakarta biyu na ƙarshe sun yi muni, ban musa ba. Sai dai mu da muke zaune a benen 'yan kallo mun ga yadda igiyar take: ta wasu doguwa ce, idan sun faɗi a nan gobe ka gan su a wata makarantar da sabon kwantiragi. Ta mace, musamman baƙar fata, gajera ce, kuma idan ta tsinke sau da yawa sai dai ta koma mataimakiya. Dawn Staley, kocin South Carolina, ta san da haka, shi ya sa a 2021 ta yayyanka ragar kwandon da ta yanko ranar da ta ci kofin ƙasa a 2017 ta aika wa baƙaƙen mata masu riƙe da ƙungiyoyi, kamar yadda Carolyn Peck, baƙar mace ta farko da ta ci kofin a matsayin koci, ta ba ta guntun tata ragar ta 1999. Abin yana da taɓa zuciya. Amma kuma abin kunya ne a ce guntun zare a cikin ambulan ya fi duk tsare-tsaren ofishinku ƙarfafa wa matan nan gwiwa.

Na san amsar da ake bayarwa, na ji ta tun zamanin Mark Emmert, wanda ka gada: NCAA ƙungiyar sa-kai ce, jami'o'i ke ɗaukar ma'aikatansu, ba ku da hurumi. Haba, ranka ya daɗe. Ku ne kuke ƙayyade yawan mataimakan da koci zai ɗauka, da sa'o'in atisaye a mako, da ranar da za a iya kiran ɗalibar sakandare a waya. A 2001 kun hana jihohin South Carolina da Mississippi karɓar baƙuncin wasu gasanninku saboda tutar masu bautar da bayi. A 2005 kun matsa wa makarantu lamba kan sunaye da alamomin da ke cin zarafin 'yan asalin ƙasar. A 2016 kun kwashe gasanni daga North Carolina saboda wata doka da ba ku so. Hurumi yana nan duk ranar da kuka ga dama. Da aka zo kan ɗaukar koci sai kuka fito da takardar alkawari a 2016, shugabannin jami'o'i suka rattaba hannu cewa za su kula da adalci tsakanin jinsi da launi. Wanda ya saɓa me ake yi masa? Ba komai. Shugaban jami'ar 'yata ma zai iya sa hannu da safe, da rana ya amince da abin da na ba ka labari, da dare ya yi barcinsa.

Wasu kuma ba su tsaya jiran ku ba. Jihar Oregon ta yi doka tun 2009 cewa jami'o'in gwamnati su gana da aƙalla mutum ɗaya daga tsiraru kafin su ɗauki babban koci. Gasar West Coast ta kafa irin wannan ƙa'ida a 2020 a ƙarƙashin shugabarta ta lokacin, Gloria Nevarez, suka sa mata sunan gwarzon ɗan wasa Bill Russell. Sama ba ta faɗo ba. Ban ce ƙa'idar maganin komai ba ce, mun ga yadda ake wasa da takwararta ta Rooney a gasar NFL ta ƙwallon Amurka, a kira mutum ganawa alhali an riga an gama magana da wani. Lauyoyinku kuma za su tuna maka hukuncin Kotun Ƙoli na 2023 da ya hana duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, da dokokin Texas da Florida masu hana irin wannan fifiko a jami'o'in gwamnati. To, ban nemi a ware wa mata kaso ba. Abin da nake nema ƙarami ne: duk jami'ar da za ta ɗauki babban koci, na maza ko na mata, ta tallata gurbin a fili, ta bar shi buɗe na wasu kwanaki sanannu, sannan ta kawo muku rahoton mutum nawa suka nema, nawa aka gana da su, mata nawa a ciki, ku kuma ku wallafa da sunan kowace makaranta. Wace doka ce ta hana ƙirge? Daraktocin nan, galibinsu maza, da kamfanonin da suke biya su nemo musu koci, sun saba ɗaga waya su kira wanda suka sani. Kunyar idon jama'a kaɗai za ta rage rabin abin.

Ga kuma sanda a hannunku yanzu. Tun Janairun 2025 kuka amince a fara raba wa ƙungiyoyin mata ladan cin wasa a gasar ƙasa, dala miliyan 15 a shekarar farko, abin da maza suka shafe shekara fiye da talatin suna karɓa. Na yaba, a zamaninka aka yi. To ku ɗaura sharaɗin a jikin kuɗin nan, na maza da na mata duka. Wanda bai kawo rahoto ba, kasonsa ya jira.

Kada ka ce mini ba a samun ƙwararrun mata. Ni 'yar Najeriya ce, ina da misali a hannu. Rena Wakama, haihuwar Raleigh, ta yi wasa a Western Carolina, ta yi shekaru tana aikin mataimakiya a jami'o'inku. Najeriya ta ba ta D'Tigress, ƙungiyar mata ta ƙasa, a 2023, ta ci kofin Afirka a Kigali. A gasar Olamfik ta 2024 ta doke Ostireliya, ta doke Kanada, ta kai ƙungiyar zagayen kwata fainal, abin da wata ƙungiyar Afirka, ta maza ko ta mata, ba ta taɓa yi ba. Hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, ta zaɓe ta gwarzuwar koci a gasar mata. A lokacin gasar Olamfik ɗin nan, matsayinta a tsarinku mataimakiya ce a Tulane. Ƙasata da ake yi wa gorin danne mata ta ga abin da daraktocinku suka kasa gani. Irin su Rena nawa ne ke zaune a ƙarshen benci riƙe da allon zane, suna jiran wayar da ba za ta shigo ba?

Don Allah, ranka ya daɗe, kada a jira sai an sake yin abin kunya irin na 2021, lokacin da 'yar wasa Sedona Prince ta ɗauki bidiyon 'yan ƙarafan motsa jiki da aka ajiye wa mata a San Antonio, duniya ta yi muku ca, sannan aka ɗauko lauyoyi su rubuta rahoto. Ɗakin motsa jiki ana iya ɗaukar hotonsa. Ganawar da ba a kira mace ba ba ta da hoto, shi ya sa ake ta sha da ita. Kai kuma ba baƙo ba ne a wannan harka. Ka buga ƙwallon nan a Harvard. Jihar Massachusetts da ka mulka shekara takwas, a can Senda Berenson ta fara koya wa mata wasan a kwalejin Smith a 1892. Wadda ta gaje ka a kujerar gwamna, Maura Healey, ta riƙe kyaftin a ƙungiyar mata ta Harvard. Mace za ta iya riƙe Massachusetts, amma 'yan samari 15 a ɗakin canza kaya sun fi ƙarfinta?

Akwai sauran maganganu. Albashin mataimaka, da hutun haihuwa, wanda duk wanda ya ji yadda koci Adia Barnes ta tatsi nonon jaririyarta a hutun rabin lokaci na wasan ƙarshe a 2021 ya san ba a shirya wa uwa wuri a sana'ar nan ba. Da rabon dala miliyan 20.5 da aka yarje wa kowace jami'a ta ba 'yan wasa a kakar 2025-26, wanda muke ji ƙwallon Amurka ta maza ce za ta lashe mafi yawa. Waɗannan sai wata wasiƙar. Mutum kusan miliyan 19 suka kalli wasan ƙarshe na mata a 2024, fiye da waɗanda suka kalli na maza, ka san kuɗin zai ƙaru, rububin kujerun ma zai ƙaru.

Mataimakiyar da na ba ka labari ta bar aikin. Tana koyar da motsa jiki a wata sakandare, ranar Asabar kuma tana horar da yara a unguwa. 'Yata ta je ta taya ta a hutun da ya wuce, ta dawo tana ce mini ita ma koci take son zama idan ta gama. Na ce mata ta bari mu gani. Babban taronku na shekara a watan Janairu ne, ina so in ga wannan batu a cikin jadawalin, da sunanka a ƙasa.

Taka,
Mahaifiyar wata 'yar wasa