Ba girki kaɗai dattijon Fall River ya yi ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Raina ya ɓaci matuƙa da yadda kuka yi da dattijon nan na garin Fall River, jihar Massachusetts ta Amurka, a shirinku na ranar Lahadi. Mutum ya ƙarar da ƙarfinsa yana yi wa jama'arsa hidima ba a biyansa ko sisi, amma da ya rasu sai kuka ce wai yana taimakawa da girki a bikin 'yan Fotugal, kuka wuce. Sauran lokacin kuka ɓatar da shi a kan masu busa ƙaho da 'yan mata masu jan dogayen alkyabbu a titi. Wannan ba adalci ba ne. Wanda ya haɗa rahoton ya ga ranar biki kawai, bai tambayi wanda ya ɗauki nauyin shekara ba.

Bikin Ruhu Mai Tsarki da mutanen tsibiran Azores na ƙasar Fotugal suka zo da shi Amurka ba a ranar da ake cin abinci yake farawa ba. Makonni bakwai ne daga Ista zuwa Fentikos, kuma kambin azurfa mai kurciya a kai, da sandarsa da jar tuta, suna kwana mako guda a kowane gida. Tun a ƙarshen bikin bara ake jefa ƙuri'ar gidajen. To kafin shekara ta zagayo wani ya tashi daga gari, wani an yi masa rasuwa, wani kuma a hawa na uku yake zaune, tsofaffi ba za su iya hawa kullum da dare su yi addu'a ba. Dole a sami mai riƙe da littafin jerin gidajen, ya bi gida gida, ya sauya wa wannan mako da wancan ba tare da an yi rigima ba. Shugaban biki, wanda suke kira mordomo, duk shekara canza shi ake yi. Shi ne a gaban hoto. Wanda ba ya canzawa shi ne irin wannan dattijo, kuma shi ke koya wa kowane sabon mordomo abin da zai yi.

Ko girkin da kuka raina, kun san abin da ke cikinsa? Ana ciyar da duk wanda ya zo ne kyauta, ba a tambayar addini ko ƙasa, bisa al'adar da suke danganta wa Sarauniya Isabel ta Fotugal wadda ta rasu a 1336. Idan aka ƙiyasta kwatan kilo na nama da ƙashi ga kowane mutum, baƙi 1,000 za su ci kilo 250. Sa mai kilo 550 a tsaye, idan aka feɗe shi aka cire kai da fata da kayan ciki, abin da zai rage bai wuce kilo 330 zuwa 340 ba, daga ciki kuma za a fitar da kason da ake rabawa gidaje ranar jajibiri: nama, burodi, burodi mai zaƙi na ƙwai da madara, da kwalbar giya. Shi ya sa sa ɗaya ba ya isa. Shanun kuwa alkawari ne mutane suke yi, sai an bi su tun da sanyi ana tuni, a kuma kama layi a mayankar da hukuma ke dubawa tun watanni kafin lokaci.

Romon da suke kira sopas, da ƙashi mai ɓargo ake fara shi cikin ruwan sanyi, a riƙa kwashe kumfa, sannan a zuba albasa, tafarnuwa, kirfa, kanumfari da ɗan giya. Wuta kaɗan kaɗan, dare guda. Idan aka bar shi ya tafasa da ƙarfi sai romon ya yi duhu, naman ya wargaje, mai rabo ya rasa yankan da zai ɗora a faranti. Kabeji a ƙarshe ake sa shi, in ba haka ba ya narke ya ɓata ƙamshin tukunya. Burodin kuma sai wanda ya kwana ɗaya ko biyu, a yanka shi da kauri, a jera a kwano, a ɗora ganyen na'a-na'a, a kwarara romo da zafinsa, a rufe ya jiƙa. Sabon burodi ba ya jure romo, nan take zai zama kunu. Don haka tun mako guda kafin biki ake gaya wa gidan burodi ranar da za su gasa.

Ga kuma hukumar lafiya ta gari, wadda sai da izininta ake ciyar da taro. Abinci mai zafi ba zai sauka ƙasa da digiri 57 ba, mai sanyi ba zai haura digiri 5 ba. Abin da ya rage dole ya sauko zuwa digiri 21 cikin awa biyu, ya kai digiri 5 cikin ƙarin awa huɗu. Ƙatuwar tukunya ko an tura ta ɗakin sanyi tsakiyarta na nan da ɗumi har safiya, a nan ciwon ciki yake fitowa. Sai an juye romon a farantai marasa zurfi. Mai tsayawa da ma'aunin zafi bayan kowa ya tafi gida, shi kuka ce yana taimakawa.

Takardu ma haka. Izinin 'yan sanda na rufe titi don jerin gwano, inshorar zaure, lasisin sayar da abin sha na kwana ɗaya. Kayan da mutane suka bayar ana gwanjonsu, kowane kuɗi da rasit. Tikitin gwajin sa'a a jihar Massachusetts sai da izinin magatakardan gari, kuma ana biyan jiha kashi 5 cikin 100 na abin da aka tara cikin kwana goma. Ƙungiyar da ta yi shekara uku a jere ba ta aika wa hukumar haraji ta tarayya fom 990 na rahoton kuɗinta na shekara ba, an cire ta daga jerin waɗanda aka yafe wa haraji ke nan kai tsaye. Masu sauraronku da ke da ƙungiyoyin 'yan gari a Amurka wannan doka ta hau kansu su ma, da kun faɗa da sun ƙaru.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ku ce komai ba game da aikinsa na wajen biki. Bayan dutsen Capelinhos ya yi aman wuta a tsibirin Faial na Azores a 1957, dokar 1958 da Sanata John Pastore da Sanata John Kennedy suka tsaya mata ta buɗe wa mutanen tsibiran ƙofar shigowa Amurka, dokar shige da fice ta 1965 ta ƙara buɗe ta ga dangi. Mutanen Fall River yawancinsu daga tsibirin São Miguel suka zo, suka shiga masaƙu da kamfanonin ɗinki, da yawa har suka tsufa ba su iya Turanci ba, ba su kuma nemi zama 'yan ƙasa ba. Da dokar shige da fice ta 1996 ta zo, sai aka yawaita tasa ƙeyar masu katin zama na dindindin zuwa tsibiran saboda laifuffukan da suka aikata, har da waɗanda aka kawo su suna goye. Daga nan irin su dattijon suka zauna da mutane suna cike fom N-400 na neman zama ɗan ƙasa, suna gaya wa tsofaffi cewa mai shekara 50 da ya yi shekara 20 da katinsa, ko mai 55 da ya yi 15, an ɗauke masa jarrabawar Turanci, zai amsa tambayoyin tarihi da tsarin mulki da harshensa ta bakin tafinta. Idan kuma aka yi rasuwa iyali suka ce a can tsibirinsu za a binne, shi ke tara gudummawa, ya haɗa takardar shaidar mutuwa da hatimin sakataren jiha, ya kai ƙaramin ofishin jakadancin Fotugal a New Bedford, ya daidaita kamfanin jana'iza da jirgin Boston zuwa Ponta Delgada, babban birnin tsibirin São Miguel. Hatimi ɗaya ya ɓace, gawa ta kwana mako tana jira.

Ku sake wannan rahoto. Ku nemi matan da suke kwana suna kwaɓa burodi tare da shi, da ma'ajin ƙungiya, ku tambaye su wa ya karɓi littafin gidaje da na masu alkawarin shanu, domin jikokin da aka haifa a nan da yawansu ba sa karanta harshen da aka rubuta shi.

Sannan don Allah ku yi wa mai haɗa sautinku magana. Kiɗan da yake sawa a ƙarƙashin muryar mai labarai ya fi muryar ƙarfi, musamman ga mai saurare ta waya, kuma tun da kuka matsar da lokacin shirin ba ku taɓa sanarwa ba sai a shafinku na Facebook, alhali ba kowa ke shiga can ba.

Na gode.

Mai sauraronku,
daga Fall River, jihar Massachusetts, Amurka